Baiti ashirin masu ƙarewa da -ko

Wata ƙungiyar matasan Hausawa da ke nan Agege ce ta sa gasar rubutacciyar waƙa, kuma ni dai sharuɗɗan da suka gindaya ne suka ja ni, ba kyautar ba. Waƙa ta kasance 'yar ƙwar biyar, baiti ashirin, ba ƙari ba ragi. Babban amsa-amo guda ɗaya tun daga baitin farko har na ƙarshe. Kari ɗaya. Jigo kuwa zaman ci-rani a Ikko. A miƙa a rubuce ba tare da suna ba, waɗanda suka tsallake tankaɗe da rairaya su zo bayan Babbar Sallah su rera da bakinsu a gaban alƙalai. Ba kiɗa, ba fiyano, ba 'yan amshi.

Nan da nan samari suka fara ƙorafi a majalisar mai shayi. Wani ya ce an mai da mu zamanin kakanni. Wani ya ce ai waƙa fasaha ce, ba lissafi ba, a bar kowa ya zubo abin da ke ransa. Ban tanka musu ba, don ni lissafin ne sana'ata: ni ke riƙe wa wani dillalin albasa littafi a kasuwar Mile 12, buhu nawa ya sauka, nawa aka fitar, wa ya biya, wa ya ce sai ya sayar. Mai irin wannan aiki ba ya jin tsoron a ce masa ya ƙirga.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda ginin yake. Kowane layi ɗango ne, ɗangwaye biyar su tashi baiti. Huɗun farko su ƙare da gaɓa iri ɗaya, wannan shi ne ƙaramin amsa-amo, kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Ɗango na biyar shi ne mai ɗauke da babban amsa-amo, wanda ba ya motsawa har a rufe waƙa. Akwai gwauruwa mai ɗango ɗaya, akwai 'yar tagwai mai biyu, akwai ƙwar uku da ƙwar huɗu, amma ƙwar biyar ita ce ta fi zama a kunnen Bahaushe, musamman wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi a bakin almajirai da makafi. Mutane da yawa kan kira duk wata ƙwar biyar tahamisi. Asalin tahamisi kuwa shi ne ka ɗauki waƙar wani 'yar tagwai, ka ɗora ɗangwaye uku naka a kan kowane baiti nasa, su zama biyar. Sanannen misali shi ne Tabban Haƙiƙa: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Malaman jihadin 1804 su suka ɗaukaka wannan hanya, suka aro tsarin ƙasidun Larabci suka zuba masa Hausa da Fulatanci don karatu ya isa ga wanda bai iya Larabci ba. Mu namu ba tahamisi aka nema ba, ƙwar biyar ce zalla, kowa ya gina tasa daga tushe.

Abin da aka fi raina wa Hausa a wannan fage shi ne wai amsa-amonta arha ne. Akwai ƙamshin gaskiya. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma idan ka zaɓi -wa ko -na ko -ya, to kana iya yin baiti ɗari ba ka yi gumi ba. Amma arhar nan ita ke kashe waƙa. Mutum ya kai ƙarshen ɗango ba shi da abin faɗa, sai ya jefo “'yan uwa” ko “jama'a ku ji nawa”, ya wuce abinsa. Amsa-amo ya fita, magana ba ta fita ba. Na ƙudura ba zan bi nan ba. Tunda jigon Ikko ne, na ce bari waƙar ta riƙa komawa ga -ko.

Na buɗe bayan littafin lissafina na fara jera kalmomi: Ikko, farko, iko, koko, tsako, soko, ɗauko, sauko, tako, dako, ciko, fako, rako, sammako. Sai kuma wasu da suka zo suna leƙe ta taga, kyawawa ƙwarai: baƙo, saƙo, roƙo, leƙo. Ka ce za ka yi waƙar ci-rani babu baƙo babu saƙo? Na ɗauki takardar na nufi wurin wani dattijo a Zango wanda kowa ke kira Baba Malam, tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Zariya, ya zo Ikko yana saurayi, ga shi har ya yi jikoki masu jin Yarabanci kamar a bakinsu aka yanke cibiyarsa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Allah ya gafarta Malam, baƙo zai iya amsa wa Ikko?”

Bai ba ni amsa ba. Ya jawo allon wani jikansa, ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta kalmomin biyu da ajami. Ɗaya da kaf, ɗaya da ƙaf mai ɗigo. Ya miƙo mini ya ce, “Ɗana, duba da kyau. Harafi ɗaya ka gani ko biyu?”

Na ce biyu.

Ya ce, “To, boko ne ya sa ka ga kamar 'yan gida ɗaya ne, don ƙugiya kawai ta raba su, ita ma rabin masu rubutu a waya ba sa sa ta. Kunne bai taɓa haɗa su ba. Ka bar baƙonka a cikin ɗango, kada ka zaunar da shi a bakin ƙofa.”

Haka na yi asarar kalmomi huɗu a zama ɗaya. Sauran asarar kuma kari ne ya jawo ta, kuma a nan ne ainihin aikin yake.

Waƙar Hausa da nauyin gaɓa ake auna ta. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar “da” ko “mu”. Mai nauyi ita ce wadda wasalinta ya yi tsawo, ko ta ƙare da baƙi, ko ta zo da tagwan wasali, kamar “kwan” ko “sau”. Yadda aka jera masu nauyi da marasa nauyi shi ke ba da kari. Ilimin aruli na Larabawa, wanda Halilu ɗan Ahmad mutumin Basra ya tsara a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara Mutadarak suka zama 16. Ba duka Hausa ta ɗauka ba, kuma ba kowace waƙar Hausa ce ke kan karin Larabci ba, don wasu marubutan daga bakin makaɗa da mawaƙan baka suke aro nasu. Ni Mutaƙarab na zaɓa, saboda tafiyarsa a miƙe take: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango. Fa'uulun fa'uulun fa'uulun fa'uulun. Idan ka faɗe shi da baki sau biyu zai kama ka, ka wuni yana yawo a kanka.

To, ɗangon da ke ƙarewa da fa'uulun dole gaɓoɓinsa biyu na ƙarshe su zama masu nauyi. “A Ikko” ta zauna daram. “Da farko” ta zauna, “da iko”, “ya ɗauko”, “su sauko” duk sun zauna. Amma dako fa? Gaɓarta ta farko gajera ce. Haka ciko, haka fako, haka rako. Sammako ma, wadda na so na buɗe waƙar da ita, tsakiyarta ba ta da nauyi. A takarda dukkansu -ko ne, ba wanda zai ce uffan. Da ka rera sai ka ji ɗangon ya tsaya ƙafa ɗaya a sama. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan rashin baƙo, don 'yan dako su ne mutanen da nake gani kullum tun duhun asuba, su ke sauke buhunan da nake rubutawa, kuma dominsu na so yin waƙar. Sai da na gane cewa kalmar da ta ƙi zama a ƙarshen ɗango tana iya zama a farkon ƙafa, wato farkon kowace fa'uulun, inda ake buƙatar marar nauyi sannan mai nauyi. Ga baitin da ya fito:

Dare na da saura mukan bar makwanci,
Mu tsere wa rana, mu nemo abinci,
Dako ko awo, ko mu juya fatauci,
Da ƙarfin gumi ne akan sam mutunci,
Rago ba shi kwana da daɗi a Ikko.

Akasarin wannan a cikin danfo, motar hayar Ikko, na haɗa shi, tsakanin Ojota da Ketu, inda cunkoso ke ba mutum lokacin da bai roƙa ba. Ina bugun gwiwata da yatsa ina motsa baki, har wata Bayarabiya da ke gefena ta ɗauka wuridi nake yi, ta gyara zama ta ba ni wuri. Danfon ma ya koya mini wani abu game da kari: kujerar mutum huɗu ce, kwandasta ya cusa na biyar, motar za ta tafi amma kowa ya san an matse shi. Ɗangon da aka cusa wa gaɓar da ta wuce kima haka yake, za ka iya haɗiye ta da sauri wajen rerawa, sai dai mai sauraro ya riga ya ji.

Ɗango na biyar na baitin nan ya jawo dariya da na karanta wa abokan aiki a kasuwa. Wani ya karɓi takardar ya karanta “rago” da jan wasali, ya ce ai gaskiya ne, duk ragon da aka kawo kasuwar Alaba Rago gab da layya ba ya kwana da daɗi. A boko rubutunsu ɗaya, malalaci da dabbar layya, tunda ba ma nuna tsawon wasali. Kari ne kaɗai ke faɗa maka wanne ake nufi: wurin na marar nauyi ne, saboda haka malalacin ne. Shi ya sa nake ganin masu gasar sun yi daidai da suka ce sai an rera. Waƙar Hausa a takarda rabinta ne kawai ya iso.

Babban alƙalina kafin alƙalai uwargida ce. Ba ta san Mutaƙarab ba, ba ta taɓa jin fa'uulun ba, amma ta tashi a hannun kakarta da ke rera waƙoƙin wa'azi tana kaɗi. Ina rerawa tana tankaɗe, sai kawai ta ce, “Maigida, koma baya, nan ka yi tuntuɓe.” In na ƙirga sai in tarar gaɓa ɗaya ta yi yawa ko ta gaza. Wani lokacin kuma in ƙirga in ga aruli ya yarda, don akwai sassaucin da ake kira zihafi, inda ƙafa kan rage nauyin gaɓarta ta ƙarshe a tsakiyar ɗango, ita ma a irin wannan wurin ba ta tsayar da ni. Abin da littafi ya halatta kunnenta ya halatta, abin da ya hana ta hana, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Yanzu ga abin da nake so in faɗa wa samarin majalisar mai shayi. Suna ganin ƙa'ida tana hana mutum faɗin abin da ke ransa. Ni abin da na gani shi ne, abin da ke raina da farko ba wani abin kirki ba ne: kewar gida, wahalar Ikko, Allah ya mai da mu lafiya. Kowa ma abin da zai faɗa ke nan, kuma an faɗa an gaji. Ƙarancin kalmomin -ko ne ya tilasta mini tunani. Ina da “sauko” a hannu, dole in yi mata baiti. Sai na zauna ina tambayar kaina, me ke saukowa a Mile 12? Kaya na saukowa daga tirela. 'Yan dako na saukowa. Ruwan sama na saukowa ya mai da kasuwa taɓo. Me kuma ba ya saukowa? Farashi. Me ya hana shi? Nan take hirarrakin direbobin da ke kawo mana albasa daga Aliero da Sakkwato suka dawo mini, kwanakin da suke yi a hanya, kuɗin mai, da hannayen da ake miƙo musu a shinge bayan shinge. Ban shiga gasar da niyyar taɓa wannan ba, amsa-amo ne ya kai ni:

Buhun albasa ne wasiƙar Arewa,
Da ƙamshin ƙasarmu a kai ba gushewa,
Direba yakan kwan a hanya da yunwa,
A shinge a tatse shi kafin wucewa,
Ina za a ce wa farashi ya sauko?

Haka “iko” ta kai ni ga hana acaɓa da gwamnatin Legas ta yi a wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni na 2022, da yaran da suka wayi gari ba babur ba sana'a. “Koko” ta kai ni ga matan da ke fitowa da bokiti tun kafin a kira assalatu. “Tsako” ta ba ni baiti a kan 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Kano da Katsina a wurinsu garuruwan zuwa biki ne. Ba na cewa duk baitocin sun yi kyau. Na “soko” har yau ina ganin da ƙyar ya tsaya, don kalmar ce ta nemi baiti, ba baitin ya nemi kalmar ba, kuma mai kunne zai ji haka.

Buɗewa ba ta ba ni wuya ba, sunan Allah da salati ga Annabi, kamar yadda aka gada. Rufewa ce ta zo da 'yar matsala. Al'ada ita ce mawaƙi ya ambaci sunansa a baitin ƙarshe, wani har da garinsu da adadin baitocin, amma masu gasa sun hana suna don kada alƙali ya san waƙar wa yake dubawa. Sai Baba Malam ya ce in rufe da ramzi, wato in saka shekarar da aka yi waƙar cikin haruffa. Ya nuna mini yadda ake yi a lissafin da malamanmu suka gada daga ƙasashen Magrib, inda harafin shin ke tsaya wa 1000, saɓanin na gabas da ke ba gain wannan matsayi. Shin 1000, ta 400, mim 40, wau 6, ka sami 1446 ta Hijira. Na saka haruffan a ɗango na huɗu na baitin ƙarshe. Cikin alƙalan mutum ɗaya ne ya ɗago kai ya yi murmushi da aka zo wurin, shi ma mai furfura ne.

An yi taron a harabar wata makarantar Islamiyya, aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, janareto na ta ruri a bayan katanga. Can nesa kana jin jirgin ƙasan nan da ake kira Red Line yana wucewa ta tashar Agege. Alƙalai uku ne: malamin Hausa daga wata kwaleji, wani limami, da wata hajiya da aka ce ta daɗe tana rubuta waƙoƙin Islamiyya. Kowane da takardar waƙar a gabansa, amma na lura hajiyar ba ta kallon tata, ido take rufewa tana kaɗa yatsa a kan tebur. Wani saurayi mai murya kamar sarewa ya zo ya burge jama'a, aka yi ta tafi, sai dai yana jan wasali inda babu ja don ya cike gurbi, yana haɗiye gaɓa inda ta yi yawa. Yatsan hajiya ya tsaya cak tun a baiti na uku. A situdiyo da fiyano wannan yaron zai yi kasuwa, kuma ba na raina wannan fasahar, tata hanyar daban ce. Amma ranar ba kiɗan da zai rufa masa asiri.

Ni na zo na uku. Wadda ta zo ta ɗaya wata malamar Islamiyya ce daga Idi-Araba, kuma da -na ta yi amsa-amonta, wannan mai arhar da na guje wa. Sai dai ba ta jefa kalmar banza ko ɗaya ba. Ta yi waƙar ne da muryar matar da aka bari a gida, mijinta na Ikko, tana lissafin abin da aike ke saya da abin da ba ya saya. Kowane ɗango na biyar nata hukunci ne a kan huɗun da suka gabace shi, ba jela ba. Da ta kai tsakiya rumfar ta yi tsit, har masu sayar da ruwan leda suka daina kira. Na yarda da hukuncin alƙalai. Wuyar amsa-amo ta taimake ni ni, don ni mai saurin gamsuwa ne in ba a matsa mini ba, ita kuwa ba ta buƙaci wannan matsin ba.

Bayan an raba kyaututtuka gardama ta ɓarke a kan wani da aka rage wa maki saboda ya haɗa “tsaro” da “ɓarawo” a ƙaramin amsa-amo. Shi yana cewa ai duka da wasalin o suka ƙare. Malamin kwalejin ya ce akwai mawaƙan da ke wadatuwa da wasali kaɗai, ba a ce sun yi laifi ba, amma takardar gasa gaɓa ta ce, baƙi da wasalinsa. Limamin ya goyi bayansa. Mutumin bai gamsu ba, ya ce a baɗi a rubuta sharaɗin da manyan baƙaƙe.

Baɗin ma an riga an sanar da abin da za a yi: tahamisi na ainihi. Za a zaɓo tsohuwar waƙa 'yar tagwai, kowa ya ɗora mata ɗangwaye uku-uku a kan karinta, ƙaramin amsa-amonsa kuma ya bi ƙarshen ɗangon farko na kowane baitin mai ita. Wato ba kai za ka zaɓi kari ba, ba kai za ka zaɓi amsa-amo ba, kuma dole maganarka ta shige cikin ta wanda ya riga ka har a kasa gane wurin ɗinki. Ba a tsai da waƙar da za a ɗauka ba tukuna. Sakkwatawan Zango na son a ɗauko ta malaman jihadi, Kanawa da Zazzagawa na son ta ƙarni na 20, an dai bar wa alƙalan uku su yanke kafin azumi.